An Bi Ta Hammata

Alhamis, 11 ga Yuli

Da ƙyar nake riƙe biro. Hannuwana a manne da jiki kamar na kazar da aka ɗaure za a kai kasuwa. Ta hammata suka bi. Duka biyun!

Wata da watanni ina faɗa wa duk mai kunne cewa idan zan yi aikin ƙara girman nono, ta ƙarƙashi nake so a yanka, inda nonon zai sauko ya rufe tabon, ba mai gani sai wanda na ga dama. Ni ba ma'aikaciyar banki ba ce da zan wuni cikin kwat. 'Yar rawa ce ni, a sahun gaba na ƙungiyar Inna Bualai masu molam, wato waƙa da rawar yankinmu na Isan, kuma 'yar sahun gaba rigarta ba hannu. Rabin rawarmu hannu a sama yake, fitila na dukan hammata, mutane a gindin dandamali sun ɗaga wayoyi. Likitan ma ya yarda tun zuwana na farko. Ya duba tabon allurar yara da ke kafaɗata, ya ga yadda ya yi tudu, ya ce fatata mai riƙe tabo ce, gara a ɓoye shi a ƙasa.

Shekaranjiya da safe ina tsaye cikin rigar asibiti, cikina ba komai tun daren jiya, likita ya buɗe alƙalaminsa zai zana inda zai yanka, sai Yaya Tukta ta buɗe baki. Rakiya kawai na ce ta yi mini fa.

"Likita, akwai jarfa a wurin."

Ya sunkuya ya duba. "Ina? Ban ga komai ba."

"Ta mai ce, ba ta tawada ba. Ta tsari. Idan wuƙa ta ratsa ta, ta karye."

Na zaci zai yi dariya. Ina! Sai ga shi yana gyaɗa kai, ashe shi ma laya ce rataye a wuyansa cikin riga. Kafin in ce uffan Yaya ta kira Mama a waya ta juyo mini fuskarta. Mama daga ƙauye, tana kuka wiwi, wai in tuna Tao, wai ita ɗa ɗaya ta binne kuma ya ishe ta. Likita ya ce ai yawancin matan ƙasar nan ta hammata suke zaɓa, ba wani abu ba ne. Mutum uku sun zuba mini ido, ni tsirara rabi, ga sanyin ɗakin. Na ce to.

Sun yi mini taron dangi. Ba zan yafe ba.

Asabar, 13 ga Yuli

Ina ɗakin Yaya a Bangkok, don ba ni da inda zan je. Ita ke wanke mini kai, ita ke sa mini riga. Tana yi tana 'yar waƙa kamar ba ita ta kashe ni ba.

An kafa mini dokar abinci daga ƙauye: ba ƙwai, ba kaza, ba shinkafa mai danƙo, ba tsimammen kifi, wai su ke sa tabo ya tashi. 'Yar Isan ba shinkafa mai danƙo, to me ya rage? Farar shinkafa da romon kabeji. Na ce mata, "Da kun damu da tabona da ba ku sa shi a allon talla ba." Ta ce, "Sha romonki, Makham, kafin ya huce."

Litinin, 15 ga Yuli

Na yi atishawa. Na ga taurari.

Laraba, 17 ga Yuli

An cire bandeji. Layi biyu ja, kowanne tsawon ɗan yatsa, a tsakiyar hammata. Ma'aikaciyar jinya wai "kai, ya yi kyau, cikin lanƙwasar fata yake, in kin sauke hannu ba mai gani." Na ce mata ni sauke hannu ba ya cikin aikina.

Bari in rubuta abin da aka sayar da ni saboda shi, don in na tsufa in karanta in sake jin haushi.

Ina da shekara goma sha biyar babur ya kashe Tao, ƙanenmu, a hanyar kasuwa. Ko wata ba a yi ba Mama ta kwashe mu ni da Yaya zuwa gidan Kawu Sanit, wanta, wanda ke yi wa 'yan dambe da direbobi jarfar tsari. Mu mata ba a sa mana tawada, kada a ce 'yan iska ne, sai ya tsoma tsinken ƙarfensa a man riɗi. Ya yi wa Yaya a ƙeya. Ni ya ce zuciyata ce mai rawa, don haka ya yi mini a ƙarƙashin nonon hagu. Kwana kaɗan jan ya baje, shi ke nan, ba abin da ya rage a fata. Kawu ya mutu tuntuni.

Ni na san inda take, tunda ni aka soka. Daidai kan lanƙwasar take, inda nono ya haɗu da haƙarƙari, har yau in na tuna sai wurin ya yi mini tsam. Amma me ta taɓa tsare mini? Na faɗo daga motar kaya, na yi zazzaɓin sauro har sau biyu, wani ɗan banza ya yaudare ni shekara uku. Don a ceci zanen da ba mai gani, an yi mini wanda kowa zai gani.

Lahadi, 21 ga Yuli

Sufayen addinin Buddha sun shiga zaman ibadarsu na damina yau. Mama ta kira wai ta kai kyandir haikali da sunana. Na bar wayar ta yi ta ruri a kan katifa. Yaya ta ɗauka ta ce ina barci, ni kuma na yi tari da ƙarfi don a ji.

Juma'a, 2 ga Agusta

Na dawo sansanin ƙungiya a Khon Kaen. Aƙalla nan ba mai bi na da romon kabeji.

'Yan mata suka yanyame ni a ɗakin kwana, kowa na so ta taɓa. "Kai, Yaya Makham, sai ka ce kwakwa!" "Ba ya ciwo?" "Wane likita ne?" Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Abin da na daɗe ina so ke nan, in daina cusa soso a rigar rawa yana zamewa ana tsakiyar wasa.

Sai Kwang, yarinyar da aka ɗauko bara, mai dogayen ƙafafu da muryar mage, ta ce, "Ta ina aka sa, Yaya? Ɗaga hannu mu gani mana." Na ce likita ya hana ni ɗagawa tukuna. Ta ce, "Ayya. To ki huta sosai fa, kada ki damu da sahun gaba, za mu riƙe miki." Munafuka. Ko sau ɗaya ba ta iya juyawa ba tare da ta kalli ƙafarta ba.

Litinin, 12 ga Agusta

Ranar uwa. Kowa a sansani ya tafi gida da furen yasmin, ko ya durƙusa gaban Inna Bualai. Na durƙusa wa Inna Bualai. Ƙauye kuwa ban aika ko ganye ba.

Yaya ta turo saƙo: "Ba ki da kunya." Na mayar mata da hoton hammatata.

Asabar, 24 ga Agusta

Tabon ya fara tashi. Na dama da sauƙi, na hagu kuwa ya yi kauri, ya yi ja ya koma ruwan hanta, kamar tana ta kwanta a wurin. Ƙaiƙayi ba dare ba rana. Ina shafa man da aka ba ni, ina liƙa robar tabo, gumi ya ɓamɓare ta kafin azahar.

Tunda duk da romon kabejin ya tashi, yau na je bakin titi na ce wa mai kwaɗon gwanda ta zuba tsimammen kifi har sai ta ji tsoro. Na haɗa da gasasshiyar kaza da kwando guda na shinkafa mai danƙo. Na ci har ina gumi. Na ɗauki hoto na tura wa Yaya.

Ta kira nan take. "Kin gani ko? Ke za ki ɓata shi da bakinki, sannan ki ce mu ne!"

"Ya ɓaci tun kafin in ci."

"To wa ya sani ko kin ci a ɓoye?"

Ka ji fa. Yanzu sun sami wanda za su ɗora wa, shinkafa.

Alhamis, 5 ga Satumba

An fara gwajin rawa gadan-gadan. Ina sa riga mai hannu, na ce sanyin fanka ke damuna, a wannan zafin. Hannun hagu ba ya miƙewa sosai, wani abu kamar igiya yana ja daga hammata zuwa gwiwar hannu. Ina cije baki in miƙe shi dole.

Akwai wani abin kuma, wanda ban faɗa wa kowa ba. Nonon dama ya sauko ya zauna inda ya kamata. Na hagu yana nan sama, ƙiƙam, kusa da ƙashin wuya. Ina matsa shi ƙasa safe da yamma yadda aka koya mini, yana komawa. Na tsaya gaban madubi na ga ɗaya na kallon gaba, ɗaya na kallon rufi.

Laraba, 18 ga Satumba

Ranar gwada kaya. Na san za ta zo, amma sani bai rage komai ba.

Kayan sahun gaba na bana ja ne da ruwan zinariya, ƙirji a matse, ba hannu ko na sisi, ga fukafukan jimina a baya. Sun yi kyau har na ji ƙwalla. Inna Bualai na zaune a kujerarta ta roba da mafici, muna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Na shafe hammata da hoda mai kauri tun da safe.

"Hannu sama, Makham."

Na ɗaga.

"Sama na ce, ba gaisuwa ba."

Na miƙe. Hodar ta tsage a kan tudun. Har tela ta tsayar da keke. Inna ta taso ta sa tabarau, ta duba hagu, ta duba dama, sannan ta ja baya ta kalli ƙirjin.

"Wane mahaucin ne ya yi miki wannan? Ke da kika fi kowa wayo? Shekara nawa ina ce muku 'yar rawa ba ta yanka hammata?"

Na ce, "Inna, ba ni na zaɓa ba." Na faɗa mata zancen jarfa. Na zaci za ta taya ni zagi. Sai ta sauke mafici ta ce, "Af. To, wannan kuma uwarki ta yi gaskiya, ba a wasa da abin malamai." Na rantse ƙasar nan kowa haukansa ɗaya.

Amma gaskiyar uwata ba ta hana ta yanke hukunci ba. Wai yanzu kowane wasa ana haska shi kai tsaye a waya, masu kallo kuma ba su da tausayi, za su tsayar da hoto su zagaye wurin da jan layi. Wai ba za ta bari a yi da ni ba, kuma ba za ta bari a yi da ƙungiyarta ba. Sahu na uku, inda ake sa riga mai dogon hannu. "Ki je a kwantar da tabon, a daidaita miki wancan da ya hau sama. In kin gyaru kafin bikin watsa ruwa na watan Afrilu, wurinki na nan. In ba haka ba, 'yata, kin san shekarunki."

Aka cire mini jan kaya a gaban kowa, aka rage ƙugun, aka sa wa Kwang.

Alhamis, 19 ga Satumba

Shekara ashirin da bakwai. A sahu na uku, da yaran da ba su san hagu da dama ba.

Juma'a, 27 ga Satumba

Bangkok, wurin likita. Bai ji kunya ba ko kaɗan. Ya ce tabon za a riƙa yi masa allura duk wata har ya kwanta, ba zai ɓace ba amma hoda za ta iya rufe shi. Aka yi ta farko yau. Na yi ihun da mai gadi ya leƙo.

Nonon hagu kuwa ya ce ba zai sauko da kansa ba, sai an sake buɗewa an gyara masa mazauni. Sai a watan Janairu, in jiki ya huce. Na ce ta ina? Ya juya alƙalami a hannunsa.

"Gyara irin wannan ba na yin sa ta hammata. Kuma fatarki ba za ta ɗauki yanka na biyu a can ba. Sai ta ƙasa."

"Ta ƙasa ina?"

"Kan lanƙwasar."

Na fashe da dariya har ma'aikaciyar jinya ta tsorata. Wato bayan duk wannan, wuƙar za ta bi ta inda na ce tun farko, sai dai yanzu ina da tabo uku maimakon biyu da ba a gani. Ya ce, "Zancen jarfar fa?" Na ce masa wannan karon ni kaɗai zan shigo ɗakin, kuma duk wanda ya ɗaga waya zan fasa ta.

Asabar, 28 ga Satumba

Na kira Mama. Karo na farko tun ranar. Ta ɗauka ta ce, "Makham? 'Yar nan, kin ci abinci?"

Ban gaishe ta ba. Na ce mata an cire ni daga sahun gaba. Na ce mata a Janairu za a yanka daidai tsakiyar jarfar Kawu, daga wannan gefe zuwa wancan, kuma in babur ya kwashe ni washegari ta san wa ya jawo, don da sun bar ni tun farko da yanka ɗaya za a yi cikin lafiyayyen jiki. Na faɗa a hankali, kalma kalma, don kowace ta shiga.

Ina jin zakaru a bayanta. Can ta ce, "Ba wata hanya?"

Na ce babu. Na kashe.

Na zaci zan ji sanyi. To, na ji, kaɗan.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Jiya aka buɗe kakar wasa. Filin haikali ya cika maƙil. Daga sahu na uku ba abin da kake gani sai fukafukan na gabanka. Kwang ta makara a juyi har sau biyu, ba wanda ya lura, aka yi ta rataya mata furanni. Rigar dogon hannu tana goga tabon, na sauko hammata kamar an zuba barkono.

Wata tsohuwa da ta san ni ta riƙo hannuna a bayan dandamali, wai "ina kika shiga bana, ko ciki ne?"

Talata, 12 ga Nuwamba

Allura ta biyu ta wuce. Tabon dama ya kwanta sosai. Na hagu ya fara laushi, ya bar ruwan hanta ya koma ruwan ƙasa. Ban faɗa wa Yaya ba, kada ta ce addu'ar Mama ce.

Lahadi, 1 ga Disamba

An gama girbi a ƙauye. Direban motar kayanmu ya sauke buhun sabuwar shinkafa mai danƙo da sunana a jiki. Wadda aka hana ni ci, yanzu ita ake aiko mini, ban san ko ban haƙuri ba ne ko mantuwa. Na ba masu girki na ce a dafa wa kowa.

Yaya ta kira. Wai Mama ta daina cin abincin yamma kamar masu riƙon dokoki takwas na ibada, kullum tana haikali tana shara, ta rame. Wai ta je har gidan wani almajirin Kawu a wani gari ta tambaya ko ana sake jarfa in ta karye, ya ce mata wadda malami ya yi da hannunsa ba mai maimaita ta.

"Ki kira ta ki ce kin fasa, ko da ƙarya ne."

"Ke ki yi mata ƙaryar. Ai kin iya magana a inda ba a tambaye ki ba."

"Makham, uwarki ce fa."

"Hammatata ce fa."

Ta ce ni dutse ce. Na ce ta gode wa Kawu, shi ya yi mini tsari.

Alhamis, 26 ga Disamba

Inna Bualai ta tsayar da ni bayan gwaji, ta ɗaga mini hannu da kanta kamar mai duba akuya a kasuwa. Ta ce, "Hm. Wannan hoda za ta ci shi. Saura na saman." Kwang na gefe tana ɗaure takalmi, ta ɗaure shi ya fi sau uku.

An sa rana, sha huɗu ga Janairu. Talata ce. Ban tambayi kowa ko ranar mai kyau ce ba.

Asabar, 11 ga Janairu

Ina ɗakin Yaya. Na gindaya mata sharaɗi: za ta kai ni ƙofar asibiti, ta tsaya a waje. Ta ce to, da wani irin to da ban yarda da shi ba.

Litinin, 13 ga Janairu

Na san akwai abin da suka ƙulla. Yau da safe na fito daga wanka na tarar da Mama zaune a tabarma, da jakar leda a cinya. Motar dare ta biyo, ita da ba ta taɓa zuwa Bangkok ba. Ta rame ƙwarai, wuyan rigarta har yana zamewa. Na ɗaga hannu na gaishe ta don ba yadda zan yi, na wuce ina taje kai.

Wai ta zo ne ta ga likita. Ba za ta hana ba, ta ce, ta san ba ta isa ba. So take kawai ta nuna masa inda jarfar take, ko zai iya kauce mata ko da faɗin tsinke.

Raina ya tashi. Na ce, "Likita kike so ki nuna wa? To fara nuna mini." Na yaye tawul ɗin, na ɗaga hannuwa duka biyu sama, yadda nake yi a dandamali. "Ga aikinku, kalla da kyau. Sai ki nuna mini abin da kuka ceta."

Ba ta taɓa ganin tabon ido da ido ba. Ta daɗe tana kallon na hagu. Sannan ta matso a kan gwiwoyinta, ta ɗora yatsa a haƙarƙarina. Yatsan duk kaushin girbi, ga sanyi.

Ta sa shi a ƙarƙashin nono. Ta matsar gefe. Ta dawo tsakiya. Ta sauka ƙasa, ta koma sama. Ta juya ta kalli Yaya, Yaya ta ce, "Ni a waje nake ranar, Mama, ina riƙe da ƙeyata."

Sai Mama ta tsayar da yatsan.

"Ban kalla ba," in ji ta. "Da ya ɗauko tsinken na juya fuskata bango. Na kasa ganin ana huda ki. Ina jin kukanki kawai." Ta sake lalubawa kamar mai neman allura a tabarma. "Shekara goma sha biyu ina kwana da cewa tana jikinki, ban ma san inda take ba. Na sa an yanka ki a banza ko, Makham? Ke kin sani. Faɗa mini, nan ne wuƙar za ta bi?"

Yatsanta a lokacin yana daidai kan lanƙwasar. Daidai wurin. Har na ji tsam ɗin nan.

Amsar na bakina, wata uku ina wasa ta. Ban san me ya faru ba. Na kama hannunta na ja shi ƙasa, faɗin yatsu uku, kan ƙashin haƙarƙari inda ba abin da ya taɓa taɓa ni.

Na ce, "Nan ne. Ke ma dai. Likita ya auna, wuƙar can sama za ta bi, ba ruwanta da ita."

"Amma kin ce tsakiya..."

"Haushi nake ji, na faɗa don ki ji ciwo."

Ta danna wurin da tafin hannu, ta rufe ido, ta yi ta karanto abin da take karantowa. Yaya ta kalle ni ta saman kan Mama. Na harare ta, ta sunkuyar da kai ta tafi dafa ruwa.

Da yamma Mama ta ci abinci, kwano biyu. Yanzu tana kwance tana minshari a katifata, ni an bar ni da tabarma.

Ban yafe ba, kada wani ya ce na yafe. Na yi ne don kada ta bi ni asibiti ta cika wa mutane kunne da kuka. Gobe wuƙa za ta bi ta inda na ce tun farko, kuma kafin bikin watsa ruwa Kwang za ta cire mini jan kayana.

Na ce wa Yaya in an fito da ni ta bar Mama ta shigo. Wani dai ai sai ya riƙe mini kofin ruwa.